Yadda Ake Kallo da Ƙidayar Shaho, Shirwa da Mikiya a Lokacin Ƙaurar Kaka

Daga watan Agusta har zuwa Nuwamba, tsuntsaye masu farauta irin su shaho da shirwa da mikiya da wasu jinsunan ungulu suna barin wuraren da suka yi ƙyanƙyasa a arewacin duniya su nufi kudu. Ba sanyin kansa ne ya fi korarsu ba, abinci ne yake yanke musu: ƙwari su ɓace, macizai da ƙadangaru su shige rami, ƙananan tsuntsayen da suke kamawa su ma su yi gaba. Na Turai da yammacin Asiya suna gangarawa Afirka, na Kanada da Amurka su nufi Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, na gabashin Asiya kuma su bi ta Tailan zuwa Malesiya da Indonesiya. A sauran watanni a warwatse suke, kowanne da yankinsa, sai ka wuni a daji ba ka ga uku ba. Amma a 'yan makonnin nan hanya tana haɗa su a wasu 'yan mashigai, har mutum ya tsaya wuri guda ya ga dubbai sun wuce ta kansa. Shi ya sa ƙidayar kaka ta zama hanya mafi sauƙi ta sanin ko yawansu na ƙaruwa ko yana raguwa. Aikin ba ya buƙatar digiri. Abin da yake buƙata shi ne ido, da haƙuri, da yin abu iri ɗaya kullum ba tare da canza salo ba.

Mataki na farko: ka san yadda iska take ɗaukarsu

Wanda bai fahimci wannan ba zai yi ta zama a inda ba za su bi ba. Babban tsuntsu mai faɗin fiffike ba ya iya kaɗa fukafukai na tsawon sa'o'i, ƙarfinsa zai ƙare tun bai je ko'ina ba. Don haka yana jira rana ta ɗaga ta gasa ƙasa. Inda ƙasa ta yi zafi, kamar fili mai duwatsu ko gonar da aka girbe, iskar da ke kanta tana ɗumama ta miƙe sama. Tsuntsun sai ya shiga cikinta ya buɗe fukafukai, ya yi ta shawagi yana kewayawa, iskar tana ɗaga shi ba tare da ya motsa komai ba. Idan ya kai inda ƙarfinta ya ƙare, sai ya ɗan tanƙwashe fukafukan ya sulale gaba yana gangarawa a hankali har ya riski wata iskar mai tashi. A haka yake cin ɗaruruwan kilomita a wuni.

Wannan iska mai tashi kusan ba ta samuwa a kan teku, domin ruwa ba ya ɗaukar zafi da sauri kamar ƙasa. Saboda haka masu shawagi suna gudun tsallaka babban ruwa, sai su bi gaɓa har su sami wurin da ya fi ƙunci. Akwai kuma hanya ta biyu: idan iska ta bugi gefen dogon tsauni sai ta haura sama, tsuntsaye su bi bayan tsaunin suna sulalewa a kanta. Ruwa da tsauni, su ne suke zana musu hanya.

Ba duka ne suke bin wannan doka ba. Ƙananan shaho masu tsinin fiffike, da shaho mai kamun kifi, da shahon fadama, suna da ƙarfin kaɗawa, kuma sukan tsallaka teku kai tsaye. Shahon Amur, ɗan ƙarami da ke ƙyanƙyasa a gabashin Rasha da arewacin Sin, yana bi ta Indiya ya ratsa teku zuwa gabashi da kudancin Afirka. Irin waɗannan ba sa taruwa a mashiga kamar sauran, don haka adadinsu a takardar ƙidaya ɗan kaso ne kawai na waɗanda suka yi tafiyar.

Mataki na biyu: zaɓen wuri

Duba manyan wuraren da aka sani, za ka ga dalilinsu ɗaya ne. Mashigin Jibralta, tsakanin Sifen da Maroko, faɗinsa kilomita 14 ne a inda ya fi ƙunci, shi ya sa masu kallo suke cika tuddan garin Tarifa. A Istanbul tsuntsaye suna tsallaka mashigin Bosforus daga Turai zuwa Asiya. Masu shigowa Afirka ta gabas suna bi ta Suwez ko ta Babul Mandab, tsakanin Yaman da Jibuti. A Batumi ta ƙasar Jojiya, Baƙin Teku yana gefe ɗaya, duwatsun Kaukasus suna ɗaya gefen, sai 'yar siririyar hanya a tsakani. Ƙidayar da aka fara can a 2008 tana samun sama da tsuntsu miliyan ɗaya a kaka guda. Wanda ya fi kowanne shi ne Berakurus a Meziko, inda tsauni da teku suka matse hanya: sama da miliyan huɗu suke wucewa duk shekara. Akwai Falsterbo a ƙarshen kudu maso yammacin Suwidin, da tudun Khao Dinsor a lardin Cumfon na Tailan.

Idan kana da halin zuwa ɗaya daga cikin waɗannan, ka je ka tsaya kusa da ƙwararru. Abin da za ka koya a mako guda kana jin suna kiran suna kana duba tsuntsun, littafi ba zai ba ka shi a shekara ba. In kuwa sabon wuri za ka nema, ka ɗauki taswira ka nemi dogon tsauni da ya miƙe daga arewa zuwa kudu, ko gaɓar teku ko ta babban tafki, ko tsinin ƙasa da ya shiga ruwa, ko wata ƙofa tsakanin duwatsu biyu. A wurin, ka sami tudu da ba bishiyar da ta tare maka ɓangaren da tsuntsaye za su ɓullo, wato arewa ko arewa maso gabas a mafi yawan wurare. Wannan ma alheri ne, domin idan kana fuskantar arewa rana tana bayanka a yawancin wunin. Ka nemi izinin mai fili kafin ka hau. Kuma kada ka yanke wa wuri hukunci da zuwa ɗaya. Ka gwada shi a ranaku masu iska dabam-dabam.

Mataki na uku: lokaci

Kowane jinsi da makonninsa. A Jibralta, shirwa ce take buɗe fage tun daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta. Sai shahon zuma, wanda masana ke kira Pernis apivorus, mai cin tsutsotsin rina da na zuma, a ƙarshen Agusta da farkon Satumba. Mikiya mai cin maciji tana biyo baya a Satumba, manyan ungulaye kuma sai ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. A gabashin Amurka, shaho mai faɗin fiffike yana kwararowa ne a tsakiyar Satumba cikin 'yan kwanaki; wanda ya makara da mako ɗaya sai dai ya ji labari.

A cikin wuni, masu kaɗa fiffike sukan fara tun da sassafe, masu shawagi kuma sai hantsi ya dubi ludayi. Wajen tsakar rana za ka ga kamar tafiyar ta tsaya. Sau da yawa ba tsayawa ta yi ba, sama suka yi har ido ya kasa kama su. Da la'asar sai su sake saukowa.

Yanayi ya fi komai tasiri. Ruwan sama da hazo suna tsayar da su, amma ranar farko da gari ya washe bayan kwana biyu ko uku na ruwa, ranar ce ba a fashinta, domin duk waɗanda suka taru a baya a ranar za su taso. A gabashin Amurka an fi sa rai da ranar da iska mai sanyi ta kaɗo daga arewa maso yamma. A Jibralta, iskar gabas tana tura su yamma wajen Tarifa, iskar yamma kuma ta kai su gabas wajen dutsen Jibralta kansa. Kowane wuri da halinsa, kuma takardarka ce za ta koya maka halin naka.

Mataki na huɗu: kayan aiki

Madubin hangen nesa na ido biyu shi ne uwa uba. Mai lamba 8x42 ko 10x42 ya wadatar: lambar farko tana nuna sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. A ganina mai takwas ya fi wa sabon shiga, saboda yana nuna fili mai faɗi kuma rawar hannu ba ta cika damunsa ba. Babban madubi mai ƙafa uku yana da amfani wajen tantance na nesa, amma ba dole ba ne a farko. Sai 'yar na'urar ƙidaya ta latsawa, gara biyu ko uku, kowacce da jinsinta. Sai takarda da fensir, agogo, kamfas, littafin hotunan tsuntsayen yankin, hula, ruwan sha da kujera mai jingina, don wuyanka zai gaya maka bayan sa'a uku. Abu ɗaya da ba wasa a cikinsa: kada ka bi tsuntsu da madubi har ya kai ka cikin ƙwayar rana. Idan ya doshi wajen, ka sauke madubin ka jira ya fito ta ɗaya gefen.

Mataki na biyar: nemo su da gane su

Kada ka jira tsuntsu ya zo kanka. Ka sa madubi a inda ƙasa ta haɗu da sama, ka share daga hagu zuwa dama a hankali, ka ɗaga kaɗan ka dawo, ka sake ɗagawa. Bayan haka ka sauke madubin ka duba saman kanka da ido, ka waiga baya. Ka maimaita duk bayan 'yan mintoci. Sama mai shuɗi tas ita ce mafi wahala, domin ido ba ya samun abin kamawa. Farin gajimare kuwa abokin aiki ne, ɗigon baƙi yana fitowa ɓaro-ɓaro a jikinsa. Idan kuna da yawa, ku raɗa wa alamomin wurin suna tun da safe: dogon ƙarfe, tsagaggen dutse, farin gini. Sai mutum ya ce, "Uku a saman dogon ƙarfe, suna yin dama," kowa ya juya nan take.

Wajen ganewa, launi shi ne na ƙarshe, don daga nesa duk baƙi za ka gani. Siffa da salon tashi ake dubawa. Shirwa tana da dogayen fukafukai da take ɗan lanƙwasawa ƙasa, da jela mai ɗan tsagi wadda take murɗawa hagu da dama ba hutawa. Mikiya fiffikenta dogo ne mai faɗi, gashin bakinsa a rarrabe, kanta ya fito gaba sosai, kuma tana juyawa a hankali cikin faɗin da'ira. Shahon fadama siriri ne mai doguwar jela, yana ɗaga fukafukansa sama kaɗan yana tangaɗi. Masu tsinin fiffike suna kaɗawa da sauri su miƙe kai tsaye. Masu gajeren fiffike da doguwar jela, waɗanda ke farautar ƙananan tsuntsaye a kurmi, salonsu shi ne kaɗawa sau uku ko huɗu sannan sulalewa. Shahon zuma yana rikita ko ƙwararru saboda kamarsa da shahon Turai na gama-gari, amma kansa ƙarami ne a kan dogon wuya, jelarsa ta fi tsawo, kuma idan yana shawagi fukafukansa a shimfiɗe suke ba a ɗage ba.

Idan ba ka gane ba, ka rubuta "shaho, ba a tantance ba" ko "mikiya, ba a tantance ba". Duk takardar ƙidaya ta gaskiya tana da wannan layin. Sunan da aka cusa wa tsuntsu da ƙarfi ya fi gurbin da aka bari illa, saboda wanda zai yi amfani da alƙaluman bayan shekara ashirin ba shi da yadda zai gane cewa ƙiyasi ne.

Mataki na shida: ƙidayar kanta

A nan aikin yake. Ka fara da shata layi a zuciyarka, daga wata alama a gabas zuwa wata a yamma, ya ratsa ta inda kake tsaye. Tsuntsu ba ya shiga lissafi sai ya tsallake layin nan ya yi kudu. Wanda ya tsallake ya dawo, ka cire shi. Wannan ce kuma hanyar raba baƙo da ɗan gida: matafiyi yana miƙewa bai waiwaya ba, ɗan gida kuwa yana kai da komo, yana kallon ƙasa, ya sauka kan bishiya, wani lokacin ma ya taso ya kori masu wucewa. Cikin kwana biyu za ka san 'yan gidan wurinka, har da wanda ya rasa gashi ɗaya a fiffiken hagu.

Idan suna zuwa ɗaya-ɗaya ko biyar-biyar, ba matsala, latsawa kawai. Gwajin yana zuwa ne lokacin da ɗaruruwa suka taru a cikin iska ɗaya suna juyawa kamar guguwar da ta kwashi ganye. Sabon shiga yakan fara ƙirgawa nan take, ya ƙirga guda sau uku, ya rasa inda ya tsaya. Kada ka ƙirga su suna juyawa. Ka yi amfani da lokacin ka duba jinsunan da ke ciki, ka yi ƙiyasin farko don ko gajimare zai haɗiye su. Sannan ka kai madubinka saman gungun ta ɓangaren kudu ka jira. Da na farko ya kai ƙololuwa zai fice ya sulale, sauran su bi shi a jere, duk kai ya fuskanci wuri ɗaya. Sai ka tsayar da madubin cak, ka bar su su ratsa ta cikinsa kana latsawa. Kai ba ka motsi, su ne suke wucewa.

Idan jerin ya fi ƙarfin ɗaya-ɗaya, ka koma goma-goma: ka ƙirga goma na farko sosai, ka riƙe girman filin da suka cika a idonka, sai kowace latsawa ta zama goma. Ya ƙara yawa, ka koma hamsin ko ɗari. Ka rubuta a gefe cewa latsawar ta goma ce, domin da yamma ba za ka tuna ba. Mafi yawan mutane suna rage adadin babban gungu, ba ƙarawa suke yi ba. Maganinsa shi ne atisaye: ka ɗauki hoton gungu, ka rubuta ƙiyasinka, da dare ka buɗe hoton a kwamfuta ka ƙirga ɗigo-ɗigo ka ga tazarar. Bayan 'yan gwaje-gwaje idonka zai daidaita.

A rana mai cunkoso mutum ɗaya ba zai iya ba. Ku raba aiki: ɗaya ya riƙe jerin gabas, ɗaya na yamma, ɗaya ya tsamo baƙin jinsuna daga cikin taron, ɗaya kuma ba abin da zai yi sai rubutu. In akwai tashar ƙidaya ta biyu kusa, kamar yadda ake da tashoshi biyu a Batumi da kuma Berakurus, sai a riƙa magana ta rediyon hannu a amince wa zai ɗauki wane jeri, don kada a ƙirga gungu ɗaya sau biyu.

Mataki na bakwai: rubutu

Ka rufe lissafi duk sa'a, ka mayar da na'ura sifili. A kowace sa'a ka rubuta adadin kowane jinsi, inda iska ta fito da ƙarfinta, yawan gajimare, zafi, nisan da ido ke kaiwa, tsayin da tsuntsaye suke bi, mutum nawa ne suke dubawa, da minti nawa aka yi ana dubawa. Idan ka iya raba manya da 'ya'yan bana, ko maza da mata, ka rubuta. Sa'ar da ba ka ga komai ba ka sa sifili, kada ka bar gurbi: sifili yana nufin an duba ba a gani ba, gurbi yana nufin ba wanda ya sani. Tsuntsu 500 da mutum ɗaya ya gani cikin sa'a biyu ba daidai yake da 500 da mutum shida suka gani a wuni guda ba, kuma in ba ka rubuta ƙoƙarin da aka yi ba, ba mai iya kwatanta su.

Tarihin tsaunin Hawk Mountain a jihar Fensilbeniya ta Amurka ya nuna amfanin wannan naci. A da, maharba ne suke hawa wurin duk kaka suna harbe shaho, har hukumar jihar ta sa ladan dala 5 a kan kashe wani jinsin shaho a 1929. A 1934 wata mata mai suna Rosalie Edge ta karɓi hayar tsaunin, ta ɗauko Maurice Broun da matarsa Irma suka hana harbi, shi kuma ya fara rubuta abin da yake wucewa kullum. In ban da shekarun yaƙi na 1943 zuwa 1945, ba a daina ba har yau. Lokacin da maganin ƙwari na DDT ya fara sa ɓawon ƙwan tsuntsaye ya yi laushi yana fashewa, alƙaluman wurin suna cikin hujjojin da suka nuna cewa 'ya'yan mikiya sun ragu a cikin masu wucewa. An hana amfani da maganin a gonakin Amurka a 1972, kuma takardun nan ne suka nuna yadda mikiyar ta farfaɗo daga baya. Broun bai san da zuwan DDT ba ranar da ya fara rubutu. Ya dai raba manya da ƙanana a takardarsa. A Falsterbo ma ana bin tsari ɗaya tun 1973. Adadin shekara guda ba ya faɗin komai, don iska kaɗai tana iya karkatar da rabin tsuntsayen. Sai an tara shekara goma ko fiye, a wuri ɗaya, ranaku ɗaya, sa'o'i ɗaya, sannan alƙaluman suke fara magana.

Idan ka ga ana harbi ko kafa raga a kan hanyarsu, ka rubuta lokaci da wuri ka kai wa hukumar kula da namun daji ko ƙungiyar kare tsuntsaye ta yankin, ban da fito-na-fito. A jihar Nagaland ta Indiya, rahoton da aka fitar a 2012 kan yadda ake kama dubban shahon Amur a gefen madatsar ruwa ta Doyang ya sa aka zauna da mutanen ƙauyukan, kamun ya tsaya, har suka koma masu gadin tsuntsayen.

Da ka sauko da yamma, ka haɗa jimilla tun abin yana sabo a kanka, ka ɗauki hoton takardar, sannan ka shigar da alƙaluman a intanet. Tashoshin Amurka ta Arewa suna amfani da shafin HawkCount, na Turai da wasu ƙasashe da dama suna amfani da Trektellen, eBird kuma yana karɓa daga ko'ina a duniya. Ka sa wa wurinka suna ɗaya da alama ɗaya a taswira, ka rubuta a shafin farko na littafinka daidai inda kake tsayawa, alamomin da suka shata layinka, da sa'ar farawa da ta tashi, yadda duk wanda ya karɓe ka baɗi zai tsaya a kan dutsen da ka tsaya ya ƙirga yadda ka ƙirga.